Hanyoyin Dutsen da Yaya Haruna Ya Shimfiɗa wa Inna

Shekara bakwai ke nan da ranar. Ina zaune a kan keken ɗinkina a Kawo, da hantsi, ina haɗa wuyan wata riga, sai inuwar mutum ta tare mini haske. Na ɗaga kai na ga Malam Bawa, mai jakunan da ke yi wa unguwarmu jigilar yashi. Ya yi sallama amma bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa a hannu.

Ya ce, "Sani, rufe shago. Yayanka ne, a bakin kogi."

Na tambaye shi ko ruwa ne. Ya ce ba ruwa ba ne, maciji ne. Na ce to mu hanzarta mu ɗauko shi a nemi magani. Malam Bawa ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "An riga an ɗauko shi. Sai haƙuri."

Abin da na fi tunawa shi ne ƙafata ba ta daina taka keken nan da nan ba. Allura ta ci gaba da gudu a kan rigar mutane har ta fita daga yadin.

Sunansa Haruna, mu kuwa Yaya muke ce masa. Magini ne, irin masu sassaƙa dutse su jera shi a harsashin gini. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, ko da yake wataƙila wasu suna zaune yau a ofisoshin da ya jera wa harsashi. Ba wannan aikin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani aiki ne da ya yi a gidanmu na Unguwar Dosa, wanda babu wanda ya sa shi, ya kuma ci masa kusan shekara goma.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, fataucin fata ne ya kawo shi Kaduna daga ƙasar Zazzau. Da ya nemi wurin zama, sai aka nuna masa wani fili da kowa ya ƙi. Gangare ne, duk marmara da duwatsu, ga kwazazzabo a bayansa inda ruwa ke gudu da damina. Ya gina ɗakuna a sama inda ƙasa ta ɗan kwanta, ya haƙa rijiya a gindin gangaren, ya bar wa awaki sauran. Ƙanwarsa, Gwaggo Rakiya, tana aure a gidan da ke tsallaken kwazazzabon. Da tuntuɓe muka girma. Babu ɗayanmu da babban yatsansa bai taɓa fashewa a tsakar gidan nan ba.

Bayan rasuwar Baba da 'yan shekaru, ciwon yanar ido ya kama mahaifiyarmu, Inna. Da farko kafar allura ce ta gagare ta, daga baya fuskoki, har ya zama ba ta bambance komai sai dare da rana. Inna mace ce da ta taɓa takowa daga Zariya da kaya a ka. Ba ta saba jiran kowa ba. Makantar ba ta ci mata rai kamar yadda jagora ya ci mata ba. In matata ko matar Yaya ta kama hannunta, sai ta ce ita ba akuya ba ce da za a riƙa ja. Rannan ta fita ita kaɗai za ta rijiya, marmara ta harɗe ta, ta faɗi goshinta ya tsage. Daga nan ta koma ɗaki ta zauna. Sai da aka kwana biyu muka lura ta rage shan ruwa, don kada ta nemi wanda zai kai ta makewayi.

Yaya ne ɗanta na fari, kuma mai karatu ya san abin da wannan ke nufi a wurin iyayenmu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta zama inda yake. In ta tashi ambatonsa, sai ta ce "wancan". Ranar da ta faɗi, shi ne ya fi kowa kusa. Ya ruga ya kama hannunta zai ɗaga ta. Tana jin kaushin tafinsa ta gane ko wane ne, ta janye hannunta, jini na zuba a fuskarta, ta ce, "A kira mini Sani." Ni na ɗaga ta. Da na waiwaya, na ga Yaya tsaye a inda yake, hannun nan a miƙe, bai san inda zai ajiye shi ba.

Lahadin da ta biyo baya, ranar da ba ya zuwa aiki, ya ɗauki diga ya fara haƙa daga ƙofar ɗakin Inna zuwa makewayi. Ya jera duwatsu masu faɗi, tsaf, irin aikin da aka san shi da shi. Duk wanda ya gani ya yaba. Inna ta fito ta gwada, ba ta yi nisa ba ta sauka daga kai ba tare da ta sani ba, ta nufi turken awaki. Yaya ya daɗe yana kallon hanyar. Sannan ya ce mini, "Ido na yi wa aiki, alhali ƙafa ce za ta bi." Ya tone duka.

A ranar ne na fara ganin abin da ya zama al'adarsa har ƙarshen ransa. Ya cire takalmi, ya warware rawaninsa ya ɗaure idanunsa da shi, ya shiga taka tsakar gidan da aka haife shi a ciki kamar baƙo. Ya faɗi ya fi a ƙirga. Tun daga lokacin bai ƙara zaɓar wa Inna dutse da ido ba. Da rani, in ruwan kogi ya ja baya, sai ya ari jaki da mangala a wurin Malam Bawa, ya gangara ta Malali, ya ɗaure ido, ya bi kan duwatsun gaɓa da tafin ƙafa. Wanda ƙafarsa ta yarda da shi, shi zai sunkuya ya ɗauka.

Kowace hanya ya ba ta dutsenta. Ta makewayi marmara ce mai kaushi. Ta rijiya mulmulallun duwatsun kogi ne kamar ƙwan zabi, ya dasa su a tsaye ɗaya kusa da ɗaya. Ta wurin salla falalen dutse ne mai sanyi. Gefen kowace hanya ya kafa ƙananan duwatsu da suka ɗan ɗago, yadda yatsa zai taɓa ya san ya zo iyaka. Inda hanya ta rabu biyu kuwa, sai ya binne tsohon dutsen niƙa, irin wanda ya yi zurfi har mata suka jingine shi. Gida-gida ya bi yana roƙonsu. In ƙafar Inna ta faɗa cikin wannan kwarin, ta san ta zo mararraba. Bakin rijiya ya ɗaga shi da dutse har ƙugu.

Ba zan manta da safiyar da Inna ta je rijiya ita kaɗai ba. Duk gidan muka yi tsit kamar babu kowa. Ta tafi a hankali, ta ja guga da kanta, ta wanke fuska, ta dawo ta zauna a bakin ƙofarta. Yaya yana tsugune a gefe, kusa da ita ƙwarai, ta kuma san yana nan.

Ta ce, "Sani, a gaya wa wancan, dutsen da ke kusa da tsamiya yana rawa."

Yaya ya ce, "Sani, gaya wa Inna za a gyara."

Na ce, "Inna, an ce za a gyara."

Ta ce, "Na ji. Kunnena bai makance ba."

Wannan ce godiyarta, ya kuma gane. Yini ya yi yana murmushi shi kaɗai. Haka suka riƙa magana shekara da shekaru, ni a tsakiya. A gaya wa wancan ruwa yana kwanciya a mararraba. A gaya wa wancan rana tana dukan wurin salla. Duk abin da aka gaya wa wancan, kafin Lahadi biyu an yi shi.

Ta haka filin awaki ya zama lambu, ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Don kada ruwan damina ya tone hanyoyin, sai ya gina ƙananan katangun dutse hawa-hawa a jikin gangaren. Bayan katangun suka tara ƙasa, sai ya zubo taki ya yi shuka. Ita ma shukar don hancin Inna ya yi ta. Ɗoɗɗoya a bakin rijiya, lalle a wurin salla, lemun tsami can nesa da hanya saboda ƙayarsa amma inda iska za ta kawo ƙanshin. Duk wata ƙaya da ke filin ya tumɓuke ta. Ya yi wuraren zama na dutse a inda ya lura numfashinta yana ɗaukewa. Ya yi wa ruwa magudana, yadda in an yi sama za ta ji ƙararsa ta san ɓangaren da take. Da damina duwatsun niƙan nan sukan cika da ruwa, tsuntsaye su sauko su sha. Mutane suka fara neman izini su shigo su gani. In sun yaba, Yaya yakan ce shi bai san da kyau ba, yawancin aikin ido a rufe ya yi shi.

Ba kowa ne ya yaba ba. Wasu da suka gan shi a bakin kogi, ƙato da gemu, ido a ɗaure yana lalube da ƙafa, sun ce iska ce ta taɓa shi. Abokan aikinsa kuwa tsiya suke yi masa. Akwai wanda yakan ce, "Haruna, mutane suna gina ɗakuna suna zuba 'yan haya, kai kana shuka dutse. Yaushe ne girbi?" Yaya ya ce masa, "In ya nuna zan aiko maka, ka zo da haƙoranka."

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Kaduna ta yau. Shekara bakwai ba ta da yawa, amma garin ya sake. Inda muke ganin dawa yanzu rufin kwano ne yake ƙyalli. Motoci sun yi yawa a Kawo har mai keke sai ya yi hattara. Kowa maganar mulkin kai yake yi, kullum ana kafa sabon gini, akawuna suna ta zuwa daga larduna suna neman ɗaki. Na tabbata zai yi murna da yawan aikin, don mutum ne mai son ya ga gini yana tashi. Amma na san zai tsaya a gaban sababbin matakalan nan masu sulɓi ya girgiza kai. Zai ce an yi wa ido aiki. Zai tambaya ko wanda ya yi su yana da tsohuwa a gida.

Yanzu sai in zo kan hanya ta ƙarshe, wadda saboda ita na yi duk wannan bayani.

Inna da Gwaggo Rakiya wasa ne a tsakaninsu, na matar wa da ƙanwar miji, kuma ban san mutum biyu da suka shaƙu kamarsu ba. Lokacin da suke da lafiya, kullum sai ɗaya ta tsallaka kwazazzabo ta je wa ɗaya. Sai ido ya tafi wa Inna, ita kuma Gwaggo sanyin ƙashi ya riƙe mata gwiwoyi har ta daina tashi. Suka koma hira da ihu. Bayan la'asar a fito da Gwaggo bakin 'yar ƙofar bayan gidanta, Inna ta tsaya daga namu ɓangaren.

"Matar yayana! Kin ci tuwo, ko yau ma a hanci kika zuba?"

"Na ci, gurguwa. Ke fa, har yanzu kina gadin tabarma?"

"To ki zo ki tashe ni mana, ke mai ƙafa."

"Ina nan zuwa. Ki tanadi goro."

Kullum da wannan suke rufewa. Ina nan zuwa, ki tanadi goro.

Akwai wata hanya ta zagaye, ta kan titi. Da wata ƙaramar Salla na kama hannun Inna muka bi ta can. Muna cikin tafiya sai wani bawan Allah mai wucewa ya tsaya, ya kama ɗaya hannun nata ya sa mata anini, ya ce sadaka. Bai yi don wulaƙanci ba. Inna ta karɓa. Ta ba ni aninin, muka ƙarasa, muka dawo, ba ta ci abincin Salla ba. Washegari ta ce ba za a ƙara jan ta a gaban mutane ba. In za ta je wurin Rakiya, da ƙafarta za ta je, ita kaɗai, kamar yadda take zuwa rijiya.

Ba ta ce a gaya wa wancan ba. Amma yana nan, ya ji.

Wannan hanyar ta fi duk sauran wuya. Sai da ya gina 'yar gada ta dutse a kan kwazazzabon, da katanga a gefe biyu daidai inda hannu zai dafa. Ya dasa ciyawar jema a gaɓa don ta riƙe ƙasa. Rani biyu ya yi a kan gadar kaɗai. Da ya tsallaka, abin da ya rage ɗan hawa ne zuwa ƙofar Gwaggo. Mai ido zai haye shi kafin ya gama amsa gaisuwa. Sai dai wurin babu inuwa, kuma da la'asar ƙasa takan yi zafi. Yaya ya ce akwai wasu fararen duwatsu a kogi da ba sa riƙe zafin rana, su yake so a nan. Ba su da yawa, sai an nema.

Su yake nema ranar. Masunta ne suka ji kiransa. Sun same shi zaune a kan gaɓa, rawanin ya sauko wuyansa, ƙafarsa ta fara kumbura. Sun ce gamsheƙa ce, tana kwance a tsakanin duwatsu tana shan rana. Da ido a buɗe da ya gan ta. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, suka ɗauko shi, bai iso gida da rai ba. Ɗayansu ya gaya mini cewa kafin maganarsa ta sarƙe ya roƙe su kada a bar mangalar a can. Kwana biyu da jana'iza, Malam Bawa ya koro jakin har bakin gada ya juye abin da ke ciki. Bai kai rabin mangala ba.

Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ɗan fari ne, ko a mutuwa kunyar ba ta faɗi ba. Masu ta'aziyya suna shigowa, ita ce ke tambayarsu lafiyar yara. Gwaggo aka ɗauko a kan gado aka zagayo da ita ta titi, ita ce ta yi kukan su biyu. Matar Yaya kuwa, da ta gama takaba daga baya, ta koma gidansu da 'ya'yansa mata biyu. Gida ya yi shiru. Sai wata safiya na ga Inna ta fito, ta bi hanyar, ta haye gada, ta kai inda duwatsu suka ƙare, ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo. Tun daga ranar kullum sai ta je.

Bayan addu'ar arba'in muka zauna da Idi, ɗan Gwaggo, direban babbar mota. Muka ce a ƙarasa aikin ya zama sadaka ga mamaci. Idi ya kawo siminti. Abokan aikin Yaya suka zo da kansu, har da mai tambayar girbi, wanda ya yi aikin yana share hawaye da hannun riga. Suka zuba hanya daga ƙarshen duwatsu har ƙofar Gwaggo, sumul kamar faranti. Da ta bushe muka gaya wa Inna. Gwaggo tana bakin ƙofa da goronta a ƙulle.

Inna ta zo ƙarshen duwatsun. Ta miƙa ƙafa ta ɗora a kan simintin, ta shafa gaba, ta shafa gefe. Babu kaushi, babu iyaka, babu abin da zai gaya mata ina ne tsakiya, ga zafi. Ta janye ƙafar.

Ta ce, "Nan babu komai."

Gwaggo ta ɗaga murya. "Taho mana, matsoraciya! Miƙe kawai, ina ganinki!"

Inna ta ce, "Ke kike gani."

Ta juya ta koma. A daren jiya da shekaranjiya ba na tuna abin da na ci, amma fuskar magina a wannan lokacin tana nan a idona.

Na ce mata to za mu fasa simintin, ni zan je kogi in nemo irin duwatsun. Ban taɓa jin muryar Inna ta yi kaifi kamar ranar ba. Ta ce, "Kogi ya karɓi ɗaya. In ka taka can da sunan dutse, ban yafe ba." Wanda uwa ta gaya wa haka ba shi da sauran magana. Idi ya kawo fasassun duwatsu a motarsa daga inda ake fasa dutse, muka jera kaɗan a gefen simintin don gwaji. Ta taka, ta ce a kwashe, suna cizo. Na ce ko mu dasa fararen da Yaya ya bari, iya inda suka kai. Ta ce kada wanda ya taɓa su. Wani lokaci nakan hango ta tsugune a wurin, ta ɗauki ɗaya tana juya shi a tafin hannu, ta mayar inda yake.

Haka muka zauna shekara shida da wani abu. Ba za a ja ta ba, ba za ta taka siminti ba, ba za a je kogi ba. Sai dai hirar ta ƙara kusa, don yanzu daga tsallaken gada take tsayawa, ba sai sun yi ihu sosai ba. Suna jin tarin juna. Kullum dai ina nan zuwa, kullum ki tanadi goro.

Lambun yana nan. Lemun tsami yana 'ya'ya har mu rabar. Wata katanga ta zube a daminar bara, na tayar da ita da hannun maɗinki, ta tsaya a karkace. Mutane sukan same ni a shago su ce filin ya yi yawa ga duwatsu, a bari su gina ɗakuna. Wani ma duwatsun kawai yake so, ya ce sassaƙaƙƙu ne, za su yi kyau a harsashi. Amsata ɗaya ce, Inna tana da rai. Abin da zai faru bayan haka ban sani ba, ba na kuma son tunaninsa. Har yanzu takan ji dutsen da ke rawa kafin kowa ya gani. Sai dai yanzu cewa take yi, "Sani, dutse yana rawa." Babu sauran wanda za a ce a gaya wa.

A daminar bana muryar Gwaggo ta fara dushewa. Daga baya aka daina fito da ita. Inna takan tsaya a wurinta ta yi kira, matar Idi ta leƙo ta ce Gwaggo ta amsa, ba a dai ji ba ne. Wata safiya Idi ya shigo ya ce jikin ya yi tsanani, tana ta kiran matar yayanta.

Inna ta yafa mayafi ta fita. Na bi ta a baya. Ta wuce mararraba, ta haye gada, ta zo inda duwatsu suka ƙare. Ta tsaya. Na ga yatsun ƙafarta suna taɓa bakin simintin suna komawa. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Daga nan ta miƙa hannu cikin iska, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Sani. Kama."

Na kama. Hannun babu nauyi, kamar busasshen kara. Muka hau.

Gwaggo tana kwance, ta rame ƙwarai, amma idon nan yana nan. Ta ce, "Wa nake gani? Makauniya ce ta iso?"

"Na iso. Ina goron?"

"Ya bushe. Kin daɗe a hanya."

Inna ta laluba ta zauna a bakin gadon, ta kama ƙafar Gwaggo tana matsawa. Can Gwaggo ta ce, "Ke kaɗai kika zo?"

Inna ta ci gaba da matsa ƙafar. Sannan ta ce, "An kawo ni."

Gwaggo ta ce, "To, ba komai. Kin dai zo."

Na fita na bar su. Sai bayan azahar Inna ta ce a zo a mayar da ita. Na sake kama hannunta muka gangaro kan simintin, tana ɗari-ɗari, duk nauyinta a kaina. Ƙafarta tana sauka a kan dutsen farko na Yaya, sai na ji jikinta ya miƙe. Ta zame hannunta daga nawa.

Ta ce, "Sake ni. Daga nan akwai mai riƙe da ni."

Ta wuce gaba, ta haye gada, ta nufi ɗakinta ba tare da ta dafa komai ba. Ni ne na kasa tafiya. Na zauna a kan katangar gadar har na ji kiran la'asar.

Gwaggo Rakiya ta rasu a cikin makon. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Yaya Haruna, ya jiƙan Baba da dukan Musulmin da suka riga mu.

In na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa a idon duniya. Harsashin da ya jera an rufe shi da gini, babu wanda zai tambayi hannun da ya yi shi. 'Ya'yansa suna girma a wani gida, ƙaramar ba ta tuna fuskarsa. Wadda ta fi kowa jin rashinsa har yau ba ta kira sunansa ba, ba kuma na zaton za ta kira. Abin da ya rage tsohuwa ce makauniya da ke tashi da safe ta je rijiya, ta je wurin salla, ta zauna a inuwar da aka tanadar mata, babu sanda, babu jagora, ta sha ruwa iya son ranta. Hannun da ta ƙi kamawa ranar da ta faɗi, shi take takawa kullum.

Abu ɗaya ta roƙa, ta je wurin Rakiya da ƙafarta, ita kaɗai. Wannan bai samu ba. An toshe 'yar ƙofar Gwaggo da ƙasa bayan sadakar bakwai, don babu mai bi ta nan yanzu. Inna dai ba ta fasa zuwa ba. Jiya ma ta je ta tsaya. Fararen duwatsun suna nan a tare inda Malam Bawa ya juye su, ciyawa ta fara fitowa a tsakaninsu. Hanyar Yaya ba ta kai ƙofar ba.